Muryar Yaya a Kan Taswira

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Wannan karon yayana aka kira, ranar wata Laraba da hantsi, a gidanmu na gado da ke unguwar Limawa, bayan ya sha kunu ya ce a buɗe masa taga. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Na zaci zaman makokin zai zama irin wanda ake yi wa tsohon ma'aikaci mai ƙaramin matsayi: 'yan unguwa, abokan sahun masallaci, a yi addu'a a watse. Tabarma uku na sa aka shimfiɗa a ƙofar gida. Kafin azahar ɗin rana ta biyu sai da muka bi maƙwabta aron benci. Mutane suka yi ta sauka daga keke mai ƙafa uku a bakin layi, waɗansu daga ƙauyukan bayan Bosso, waɗansu daga wuraren da ban taɓa jin sunansu ba, ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da labarin ƙasa. Matan Gbagyi suka shigo da doya a kafaɗa suka jibge a zaure har hanya ta ƙuntata. Wani fasto ya zo da mutanensa suka zauna gefe guda, da aka ɗaga hannu ana addu'a su ma suka sunkuyar da kai. Wani dattijo Banufe ya riƙe hannuna ya daɗe yana hawaye, sannan ya ce, "Kai ne ƙanen nan nasa mai boko?"

Na ce ni ne. Na shugabanci makarantar sakandare, na yi shekaru ina gabatar da shiri a rediyo, amma a ƙofar gidan ubana sunana ƙanen nan nasa. Ina amsa gaisuwa ina ƙirga kawuna, ina tambayar kaina ko mutum nawa daga cikin irin waɗannan za su tako ranar tawa. Abin kunya ne, na sani, sai dai ba na son in fara ta'aziyyar ɗan'uwana da ƙarya. Ƙyashin Yaya nake yi. Na yi yana raye, ƙasa ta rufe shi kuma ban daina ba.

Ranar sadakar uku wata mata ta zo, shugabar sashe ce a gidan adana kayan tarihi inda Yaya ya yi aiki har ya yi ritaya. 'Yar unguwar Fadikpe ce, Kirista, kowa Madam yake ce mata. Ta shiga wurin matar Yaya ta yi gaisuwa, ta fito idanunta jawur, ta durƙusa gabana ta miƙo wata takarda.

"Baba, ka yi haƙuri, ba lokacin shi ba ne," in ji ta. "Amma taswiran ya kusa fita. Ba za mu iya sa muryan shi ba sai iyali sun sa hannu. Mama ta ce kai ne babba yanzu."

Takarda ce mai shafi ɗaya. In na sa hannu, muryar Yaya za ta fita duniya. In na ƙi, akwai wata muryar da aka riga aka naɗa tana jiran a sa ta, kuma tawa ce. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, na ce mata za mu yi shawara.

Bari in koma baya, don wanda bai san Yaya ba ya san shi.

Firamare kaɗai ya gama. Da shara ya fara a gidan tarihin, aka mayar da shi mai tsaron ɗakin nuni, sannan masu tonon kayan tarihi suka gano yana jin Gbagyi da Nufanci kamar a ciki aka haife shi, suka riƙa tafiya da shi ƙauyuka yana yi musu tafinta. Masu tonon suka zo suka tafi, kowa ya rubuta littafinsa. Yaya ya zauna da kayan: tukwane, tsingaro, duwatsun niƙa, kashin ƙarfe daga tsofaffin maƙeru, da gatarin dutsen nan da mutanenmu ke kira gatarin aradu. A kansa yake riƙe da tarihin kowane ɗaya. Manomi in garmarsa ta ci karo da wani abu a gona, ba ofis yake nema ba, Yaya yake nema, sau da yawa ma a gida.

Ni kuwa aikin bai taɓa cika mini ido ba. A wani taron suna, gaban surukai, na taɓa cewa Yaya gadin fasassun tukwane yake yi. Bai ko ɗago daga kwanon tuwonsa ba ya ce, "Kai kuma gadin 'ya'yan mutane. Nawa dai ba sa tsallake katanga." Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma sai da na yi wata guda ban leƙa Limawa ba.

Yana da wata ɗabi'a da ke cin raina. Ba ya fara bayanin kaya sai ya gaida wanda ya kawo shi. Baƙo zai nuna tukunya ya ce shekarunta nawa, sai Yaya ya gyara tsayuwa ya ce, "Wannan daga gonar wane ta fito, Allah ya ƙara masa lafiya, ina gaishe shi da iyalinsa." Sai ya ɗan yi shiru, sannan ya ci gaba. In ka matsa masa ya ce, "Wa ya kawo ta? Shi za ka fara tambaya. Shekarun suna nan, ba inda za su."

Ina sabon malami na taɓa kai ɗalibaina gidan tarihin. Na sa kwat, na riƙe sanda ina nuni, Yaya yana tsaye a bakin ƙofa cikin kakinsa da tsumman goge gilashi a hannu. Na ɗauki wani dutse mai santsi na ce wa yaran makami ne, da shi magabata ke jifan abokan gaba. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ya yi kama da ɗan dutsen niƙan kakata." Ɗan dutsen niƙa ne kuwa. Na ji zufa ta keto mini a ƙarƙashin kwat. Sai Yaya ya matso yana goge gilashi ya ce, "Kin ci jarrabawa, 'yata. Malaminku gwada ku yake yi, haka yake yi wa kowane aji." Yaran suka tafa wa yarinyar, suka dube ni da sabon girmamawa. Bai taɓa tada maganar ba har ya mutu. Ni ne ban yafe masa ba, don alherin da ba ka da hanyar ramawa yana da nauyi, musamman in daga wanda ka raina ya fito.

Bayan ritayarsa ne Madam ta zo da maganar taswira. Taswirar jiharmu ce a allon waya ko kwamfuta, cike da ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo wuri ne da aka samo wani abu. Ka danna, hoton kayan ya fito, ka juya shi da ɗan yatsa ka ga gindi ka ga baki, murya kuma ta yi maka bayani. Wanda ke wata ƙasa zai gani, manomin da ya tono kayan ma zai gani in 'yarsa na da waya. Matsalar Madam ita ce rabin katunan da ke jikin kayan ba su faɗi komai ba sai sunan gunduma. Sauran bayanin yana kan Yaya. Don haka ta yi watanni tana zuwa Limawa da rikoda, su zauna a gindin mangwaron tsakar gida, ta nuna masa hoto, shi kuma ya yi ta zuba.

Sun yi faɗa sau ɗaya, ina wurin. Ta nuna masa yadda ɗigon ke sauka daidai kan gonar da aka yi tonon, har kana ganin kunyoyin doya daga sama. Tana murna, ta zaci zai yaba. Yaya ya ture wayar ya ce, "Kashe abin nan."

"Baba, me ya faru?"

"Kin zana wa ɓarayi hanya. Gobe masu haƙa za su je da diga su birkice gonar bawan Allah suna neman abin sayarwa. Ya ba mu amana, mu kuma mu nuna wa duniya ƙofar gidansa?"

Ta ce aikin kimiyya yana son daidaito. Ya ce to ta je kimiyya ta ba ta sauran labarin. Sati biyu bai ce uffan a rikodarta ba, in ta zo sai hirar farashin taki. Ita ta sauko. Aka janye kowane ɗigo daga kan gona aka ɗora shi a kan kasuwar ƙauyen. Ranar da ta zo ta gaya masa, ya sa aka daka mata sakwara, ya riƙa kiranta 'yata daga nan har ƙarshe. Ni ina gefe ina cin tawa sakwarar, ina tunanin ban taɓa yin gardama da wani babba a wurin aiki na ci ba.

Wata rana na ce ta ba ni in saurari abin da suka naɗa. Na saurara a gidana da ke Tudun Fulani. Akuya na kuka a baya. Yaya na tari. Matarsa na tambaya daga madafi ko a sa kuɓewa. Kowane bayani kuma da gaisuwar nan yake farawa, da shirun nan da ke biye da ita, wani lokacin har ka zaci rikodar ta tsaya. Na je ofishinta na ce, "Madam, duniya za ta ji wannan? Turawa da 'yan jami'a? Za a yi mana dariya." Na ce ta bar mini, ni na san makirufo. Na zauna na rubuta bayanin kowane kaya daga abin da Yaya ya faɗa, na cire gaisuwa, na cire shiru, na cire wane da wane, na bar suna da siffa da amfani. Na shiga ɗakin naɗar murya na karanta su tsaf, ba tari ko ɗaya. Ilimin nasa ne, muryar tawa. Na roƙe ta kada ta gaya masa tukuna. Ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye duka biyun, ta ce za a duba.

Yaya da sa hannu a takarda kuwa ba sa jituwa. Duk lokacin da ta kawo masa sai ya ce gobe. Haka goben ta ƙare.

Kwana huɗu takardar na aljihuna. Na samo wa kaina hujja mai kyan gani. Na ce wa matar Yaya bai dace muryar mamaci ta riƙa yawo a wayoyin mutane ba, ana kunna ta a tasha da wurin shan shayi, a bar shi ya huta. Ta ce, "Duk yadda ka gani, Malam." Babbar 'yarsa ce ta dube ni ta ce, "Baba ƙarami, ai wa'azin da ke motarka ma mai shi ya daɗe da rasuwa." Na ce mata wannan daban. Ta tashi ta shiga ciki.

Ranar sadakar bakwai, bayan an yi addu'a jama'a sun ragu, wata tsohuwa ta shigo tsakar gida tana dogara sanda, surukarta na riƙe da ita. Daga wani ƙauye can bayan Bosso suka taso tun da sassafe. Ta gaida matar Yaya, ta zauna a kan turmi da aka kifa, ta ce ta ji an ce tukunyar gidansu tana cikin waya, tana so ta gani kafin idonta ya ƙarasa tafiya. Madam na nan, tana da taswirar gwaji a babbar wayarta, da muryoyin biyu a ciki. Ta nemo ƙauyen, ta danna ɗigon, tukunya ta fito, mai faɗin ciki da zane a wuya. Tsohuwar ta kai fuskarta dab da allon.

Ni na ce, "Sa mata mai tsabtar, za ta fi ji."

Madam ta sa. Muryata ta cika tsakar gidan, kuma wallahi ta yi daɗi. Tukunyar ajiyar hatsi, ginin hannu, an ƙona ta a buɗaɗɗiyar wuta, zanen wuyanta da igiya aka yi shi. Na saci kallon matan da ke zaune in ga ko sun gane mai maganar.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta janye fuskarta. "Wannan na wani ne," in ji ta. "Ya yi kama da namu, amma ba shi ba. Namu yana da mai shi."

Madam ta dube ni. Babbar 'yar Yaya ta miƙa hannu ta danna ɗayar.

Akuya ta fara kuka, sannan tarin Yaya. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ce, "Wannan daga gonar wani aminina ta fito, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Amma ba shi ya fara ganinta ba, uwargidansa ce, tana tonon gyaɗa ta ga bakin tukunya. Mama, ina kwana?"

Sai shirun nan ya biyo.

"Lafiya lau," in ji tsohuwar.

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi," ta ce, ta shafa gwiwarta.

"Ya jikoki?"

"Suna nan, sun girma."

Daga nan ya juya harshe zuwa Gbagyi, ita ma ta juya, yana faɗa tana amsawa, kowace amsa na faɗawa daidai cikin gurbin da ya bar mata. Ya faɗi wani abu ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye na bin kuncinta. Shekara nawa ina jin shirun nan ina cewa ɓata lokaci ne, ashe jiran amsa yake yi. Da muryar ta ƙare ta ɗora tafin hannu a kan allon ta ce, "Shi ne namu." Ta sa aka maimaita mata sau biyu. Ba wanda ya waiwaye ni, kuma na gode wa Allah da hakan.

Abin da na ji a lokacin ba nadama ba ce zalla, kada in yi wa kaina ado. Ƙyashi ne ya fi yawa. Na yi shekaru ina magana a rediyo, dubban mutane sun ji ni, ban san ko mutum ɗaya ya taɓa amsa mini ba.

Washegari da safe na hau keke na tafi ofishin Madam. Na fito da takardar, duk ta yamutse da zufa, na shimfiɗa a teburinta na ce ta ba ni biro. Ta riƙe biron ba ta miƙo ba.

"Baba, akwai magana. Tun ranan uku ya kamata in faɗa, na kasa, don ni ma ba na son shi."

Na ce ina jin ta.

"Ya san ka naɗa naka. Ni na gaya mishi, ba zan iya ɓoye mishi ba. Ya ce in sa mishi ya ji. Ya ji guda biyar, yana ta murmushi. Ya ce, kin ji Hausa? Kin ji yadda ake magana? Wannan ƙanena ne. Ya ce in sa naka, nashi in ajiye a ofis don masu bincike. Shi ya sa yake ta ce mini gobe, ba ya so ya sa hannu."

Na zauna a kujerar da ke gaban teburinta.

"Ya ce kada in gaya maka shi ya ce, wai za ka ji nauyi," in ji ta. "Yanzu kuma ban sani ba. In wasiyya ne, wasiyya ne. Kai za ka faɗa."

Ga ƙofa a buɗe, kuma ta halal. Ba sai na fake da hutun mamaci ba. Zan iya komawa Limawa in tara iyali in ce ga abin da marigayi ya bari, ga shaida, ba mai musa mini. Muryata za ta hau kan kowane ɗigo, kuma da izininsa. Na daɗe ina kallon takardar. Abin da nake so ke nan tun farko, ya kuma miƙo mini shi da hannunsa, a ɓoye, yana murmushi. Haushinsa ya kama ni a kujerar nan kamar yana zaune a gabana. Ko a wannan ma sai da ya fi ni.

Na ce, "Madam, ya rubuta?"

"A'a, da baki ya faɗa."

"To ni zan rubuta."

Na karɓi biron na sa hannu a muryar Yaya, da akuyarsa da tarinsa da duk shirunsa. Na ce mata tawa ta goge. Ta ce ba za ta goge ba, za ta ajiye don masu bincike. Na ce ta ajiye, in sun samu mai son ji.

Taswirar ta fita bayan sadakar arba'in. An ce a ƙauyuka mutane kan taru a gindin bishiya ranar kasuwa a danna musu nasu ɗigon. Sunana yana can ƙasa cikin jerin waɗanda aka gode wa, da ƙananan haruffa, sai ka ja allon sosai kafin ka kai gare shi. Na ja, ba sau ɗaya ba.

Yaya, na saɓa maka a abu na ƙarshe da ka nema, kuma shi kaɗai ne saɓon da ba zan nemi yafiyarka a kansa ba. Sauran ka yafe mini, suna da yawa, ka san su fiye da yadda na zata. Allah ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya sa waɗanda ka gaisar su zama shaidunka. Ni kuma a taya ni addu'a Allah ya cire mini abin da ke cikin zuciyata kafin tawa ta zo, don har yau da sauransa.